Jan Kati da Idon Kyamara: Tarihin Rigimar Alƙalanci a Ƙwallon Ƙafa

An yi sama da shekara 100 ana buga ƙwallon ƙafa bisa rubutacciyar doka kafin wani alƙalin wasa ya zura hannu a aljihu ya ɗaga wa ɗan wasa kati. Korar mai laifi daga fili tsohuwar doka ce, amma da baki ake yin ta. Alƙali zai kira ɗan wasa, ya rubuta sunansa a ɗan littafinsa, ya nuna masa hanyar waje da yatsa. Idan harshensu ɗaya, magana ta ƙare. Idan kuwa Bajamushe ne ke hukunta ɗan Ajantina a gaban Turawan Ingila, sai abin da hali ya yi.

Tun daga wancan zamani masu tsara dokar ƙwallo ke fama da matsaloli uku. Ta farko, a fahimci hukuncin alƙali. Ta biyu, alƙali ya ga abin da ya faru. Ta uku, idan ya gani, ya auna nauyin laifin daidai. Kati ya magance ta farko, na'urar VAR ta alƙalin bidiyo ta rage ta biyu sosai, ta ukun kuwa har gobe tana nan.

Daga Santiago zuwa Wembley

A ranar 2 ga Yuni 1962, a gasar cin kofin duniya da Chile ta karɓi baƙunci, masu masauki suka kara da Italiya a birnin Santiago. Wanda ya riƙe usur shi ne Ken Aston, malamin makaranta ɗan Ingila. Tun kafin wasa zukata sun yi zafi saboda wasu 'yan jaridar Italiya sun yi rubutu suna kushe birnin da mutanensa. Wasa bai yi nisa ba Aston ya kori Giorgio Ferrini na Italiya, shi kuma ya ce ba inda za shi, sai da 'yan sanda suka shigo suka fitar da shi. Leonel Sánchez na Chile, wanda mahaifinsa ɗan dambe ne, ya fasa wa Humberto Maschio hanci, ya kuma kai wa Mario David naushi, amma ya ƙarasa wasan ba tare da an kore shi ba. Da David ya rama da shuri a kai, shi aka sallama. Chile ta ci 2-0.

Bayan shekara huɗu, Aston ya riga ya ajiye usur, shi ne ke kula da alƙalan gasar 1966 a Ingila. Ranar 23 ga Yuli, a filin Wembley, Ingila ta haɗu da Ajantina a wasan kwata fainal. Alƙalin wasa Rudolf Kreitlein, tela ne daga Jamus ta Yamma, ba ya jin Sifaniyanci. Kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, dogon mutum mai yawan ƙorafi, ya yi ta bin sa yana magana. A minti na 35 Kreitlein ya nuna masa hanyar waje. Rattín ya tsaya ƙyam yana nuna ƙyallen kyaftin da ke damtsensa, yana neman a kawo tafinta. Wasa ya tsaya na mintoci da dama, har sai da Aston da kansa ya sauko bakin fili yana lallashi. Ingila ta ci 1-0 da ƙwallon da Geoff Hurst ya zura da ka, 'yan Ajantina kuma har yau suna kallon wasan a matsayin fashi da rana tsaka.

Akwai wani ƙaramin abu da ya fi tsaya wa Aston a rai. Jack Charlton na Ingila a jarida ya karanta cewa an yi masa gargaɗi a wasan, shi bai sani ba, sai da aka tuntuɓi hukuma don a tabbatar. Aston ya ba da labarin cewa yana tuƙi a titin Kensington na Landan, danja ta tsayar da shi, dabarar ta faɗo masa: ruwan ɗorawa a yi hattara, ja a tsaya. Launi ba ya buƙatar tafinta. FIFA ta fara aiki da katunan a gasar Meziko ta 1970, inda ba a kori ko mutum ɗaya ba. Jan kati na farko a gasar cin kofin duniya ya fito ne a 1974, lokacin da Doğan Babacan ɗan Turkiyya ya ɗaga shi ga Carlos Caszely na Chile a wasansu da Jamus ta Yamma. Ita kanta Ingila sai a 1976 ta karɓi katin a gasarta ta cikin gida, ta ajiye shi a 1981 bisa zargin yana tunzura 'yan kallo, sannan ta dawo da shi a 1987.

Kati ya zo, ido bai ƙaru ba

Yanzu kowa a fili ya san hukuncin da aka yanke. Sai dai talabijin na ƙara yawan kyamarori, mai kallo a gida ya fara ganin abin da alƙali bai gani ba. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1982 a Seville, golan Jamus ta Yamma Harald Schumacher ya yi tsalle ya banke Patrick Battiston na Faransa. Battiston ya suma, ya rasa haƙora, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Alƙali Charles Corver ɗan Holan ko bugun tazara bai bayar ba.

Gasar Amurka ta 1994 ta nuna fuska biyu na matsalar cikin kwana huɗu, a fili guda kusa da birnin Boston. Ranar 5 ga Yuli Najeriya na gaban Italiya da ci 1-0 da Emmanuel Amunike ya zura. Gianfranco Zola ya shigo daga benci a ranar da ya cika shekara 28, ya yi minti 12 kacal a fili, sai Arturo Brizio Carter ɗan Meziko ya ba shi jan kati kan wata 'yar gogayya da Augustine Eguavoen. Da wuya ka samu wanda ya kalli maimaicin ya ce laifin ya kai kora. Zola ya durƙusa a fili cikin takaici, kuma wannan ne wasansa na farko da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya. Korar ba ta amfani Najeriya ba, domin Roberto Baggio ya farke ana dab da tashi, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci.

Ranar 9 ga Yuli kuma, Mauro Tassotti na Italiya ya fasa wa Luis Enrique na Sifaniya hanci da gwiwar hannu a cikin da'irar gola. Luis Enrique ya bi alƙali da jini a riga yana nuna masa, amma bai ga komai ba. Bayan wasa FIFA ta kalli faifan bidiyo ta dakatar da Tassotti wasa takwas. Hukuncin ya kafa tarihi, sai dai Sifaniya ta riga ta haɗa kayanta. Tambayar da aka fara yi ke nan: idan faifan ya isa hujja gobe, me ya hana ya zama hujja yau?

Masu wayo kuma suka gane cewa alƙali ido biyu gare shi. A 1998 Slaven Bilić na Kuroshiya ya dafe fuska ya zube bayan Laurent Blanc ya ture shi, aka kori Blanc, ya rasa wasan ƙarshe da Faransa ta ɗauki kofi a gida. A 2002 Hakan Ünsal na Turkiyya ya buga wa Rivaldo ƙwallo a cinya, Rivaldo ya riƙe fuska ya faɗi, Ünsal ya tafi. Tara kawai aka ci Rivaldo daga baya.

Daren Berlin da abin da ya biyo baya

Ranar 9 ga Yuli 2006 a Berlin, a minti na 110 na wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya tsakanin Faransa da Italiya, Zinedine Zidane ya juya ya tunkuyi Marco Materazzi a ƙirji. Ƙwallo na can wani ɓangare, alƙali Horacio Elizondo na bin ta, bai ga komai ba. Gola Gianluigi Buffon ya ruga wajen mataimakin alƙali yana ƙorafi. An ɗauki lokaci kafin Elizondo ya zaro jan kati, bayan alƙali na huɗu, Luis Medina Cantalejo, ya yi masa magana ta na'urar kunne. Kocin Faransa Raymond Domenech ya yi zargin cewa a allon talabijin da ke bakin fili aka ga abin, wanda doka ba ta yarda ba a lokacin. FIFA ta musanta, ta ce da idonsa ya gani. Babu wanda ya ce Zidane bai cancanci kora ba. Abin da aka yi ta ja a kai shi ne ta wace hanya alƙali ya sani, alhali duniya duka ta riga ta gani a talabijin.

Shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya daɗe yana cewa kuskuren alƙali ɓangare ne na wasan. Abubuwan da suka biyo baya ne suka sassauta masa wuya. A Nuwamba 2009 Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu, William Gallas ya ci, Faransa ta tafi gasar duniya Ireland ta zauna a gida. A gasar Afirka ta Kudu ta 2010, a rana guda, ƙwallon Frank Lampard ta tsallake layin ragar Jamus ba a ba shi ba, ta Carlos Tevez kuma ta shiga ragar Meziko da satar gida aka bar ta. Blatter ya nemi afuwar ƙasashen biyu.

Jan kati ma ya bar tabo a wannan gasa. Sani Kaita ya ɗaga ƙafa ya shuri Vasilis Torosidis na Girka a bakin layi a minti na 33, alƙali na kallo, aka kore shi Najeriya na kan gaba da 1-0, aka tashi Girka ta ci 2-1. A wasan ƙarshe kuwa Nigel de Jong na Holan ya dasa wa Xabi Alonso na Sifaniya takalmi a ƙirji, Howard Webb ya ba shi katin gargaɗi kawai, domin wani ɗan wasa ya tare masa gani. Daga baya Webb ya amsa cewa ja ya kamata ya bayar. Bambancin Kaita da De Jong bai wuce inda alƙali ya tsaya ba.

Sai kuma abin dariya da ya faru a Stamford Bridge a Maris 2014, ranar da Arsène Wenger ke cika wasa 1,000 da Arsenal. Alex Oxlade-Chamberlain ya taɓa ƙwallo da hannu a bakin raga, alƙali Andre Marriner ya kori Kieran Gibbs. Mai laifin ya je yana cewa shi ne, ba a saurare shi ba. Chelsea ta ci 6-0.

Zuwan VAR

Dokokin ƙwallo ba FIFA kaɗai ke canza su ba. Akwai majalisar IFAB da aka kafa a 1886, inda Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa ke da ƙuri'a ɗaya-ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma sai an samu shida ake canza doka. A 2012 ta amince da na'urar da ke tantance ko ƙwallo ta tsallake layi. Wannan mai sauƙi ne, domin ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Hukumar ƙwallon Holan ce ta ɗauki gabarar gwada alƙalin bidiyo, kuma a Maris 2016, kwanaki kaɗan bayan Gianni Infantino ya hau kujerar FIFA, IFAB ta ba da izinin gwaji a wasanni na gaske. A Satumba na shekarar, a gasar kofin Holan, Anouar Kali na Willem II ya yi wa ɗan Ajax ƙeta, aka ba shi katin gargaɗi, alƙalin bidiyo ya sa baki, katin ya koma ja.

Tsarin da aka shigar cikin doka a Maris 2018 ya taƙaita aikin VAR ga abubuwa huɗu: cin ƙwallo, fenareti, jan kati na kai-tsaye, da kuma hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. An kuma ce kada ya sa baki sai kuskuren ya fito ɓaro-ɓaro, ko alƙali bai ga wani babban abu ba. Hukunci na ƙarshe na hannun alƙalin fili, wanda zai zana siffar allo da hannuwansa ya ruga bakin layi ya duba.

Tun a gwaji aka ga cewa an gudu ba a tsira ba. A gasar kofin nahiyoyi ta 2017 a Rasha, Ernest Mabouka na Kamaru ya yi wa Emre Can na Jamus ƙeta. Alƙali Wilmar Roldán ya ba Sébastien Siani katin gargaɗi bisa kuskure, ya je ya kalli allo, ya dawo ya mayar da katin ja, amma har yanzu ga Siani. Sai da ya sake komawa allon sannan ya kori Mabouka. A wasan ƙarshe na gasar, Gonzalo Jara na Chile ya kai wa Timo Werner gwiwar hannu a fuska, alƙali ya kalli maimaici ya ba da katin gargaɗi kawai.

Duk da haka, gasar duniya ta 2018 ta nuna amfanin tsarin. Jan kati huɗu kacal aka bayar, alhali a 2006 an bayar da 28. Ɗan wasan da ya san kyamarori na kansa ba ya naushi a ɓoye. Fenareti kuwa ya kai 29, adadin da ba a taɓa gani ba. Amma 'yan Najeriya abin da suka riƙe daga gasar shi ne ƙwallon da ta sauka a hannun Marcos Rojo na Ajantina a Saint Petersburg, Cüneyt Çakır ya je ya kalla ya ce ba komai.

Rabon Afirka

A wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a Mayu 2019, Wydad ta Maroko ta ci ƙwallo a ragar Espérance ta Tunisiya aka soke. 'Yan Wydad suka nemi a duba VAR, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka ba Espérance kofi, rigima ta kai har kotun wasanni ta duniya.

Najeriya kuwa ta ɗanɗana zaƙi da ɗacin abin. A Yuni 2019, a gasar duniya ta mata, VAR ya ba Faransa fenareti, aka kori Ngozi Ebere da katin gargaɗi na biyu, Wendie Renard ta buga ta zubar, sai aka ce gola Chiamaka Nnadozie ta bar layi da wuri, aka sake, ta ci. A Janairu 2022 a Garwa, a gasar cin kofin Afirka, Alex Iwobi ya shigo daga benci Tunisiya na gaba da 1-0. Yana ƙoƙarin kare ƙwallo ƙafarsa ta sauka a idon sawun Youssef Msakni. Maguette N'Diaye ɗan Senegal ya ba da katin gargaɗi, aka kira shi allo, ya dawo da ja, Najeriya ta fita daga gasar. A Agusta 2023 a Brisbane kuwa, a gasar duniya ta mata, Lauren James ta Ingila ta taka bayan Michelle Alozie ta Najeriya tana kwance a ƙasa, VAR ya mayar da katin gargaɗi ja, ba wanda ya yi gardama. Haka a Fabrairu 2024 a Bouaké, a gasar cin kofin Afirka, an soke ƙwallon Victor Osimhen aka koma can baya aka ba Afirka ta Kudu fenareti, sannan a ƙarin lokaci VAR ɗin ya sa aka kori Grant Kekana na Afirka ta Kudu.

Inda gizo ke saƙar

Doka ta raba ƙeta gida uku. Wadda aka yi da sakaci, bugun tazara ne kawai. Wadda aka yi da ganganci, katin gargaɗi. Wadda aka yi da ƙarfin da ya wuce kima ko ta jefa lafiyar abokin karawa cikin haɗari, jan kati. Tsakanin ganganci da wuce kima babu layin da kyamara za ta zana. Alƙali ne zai auna, kuma alƙalai biyu na iya kallon hoto ɗaya su saɓa.

Ga kuma illar maimaici a hankali. Abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, idan aka ja shi ya yi daƙiƙa biyar, sai ya zama kamar da niyya aka yi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya gano cewa alƙalai sun fi tsaurara hukunci idan suka kalli ƙeta a hankali. Ƙa'idar VAR kanta ta ce a yi amfani da jan hoto don gano inda ƙafa ta taɓa, a koma saurin wasa na gaske don auna ƙarfin bugu. A aikace ba kullum ake bin wannan ba.

Gasar Firimiya ta Ingila, wadda ta karɓi VAR a kakar 2019-20 kuma ita ce ke cika gidajen kallo daga Kano zuwa Damagaram, ta tara misalai ta kowane ɓangare. A Oktoba 2020 golan Everton Jordan Pickford ya afka wa gwiwar Virgil van Dijk, wanda bai sake buga wasa a kakar ba. Hankalin alƙalan ya tafi ga satar gida, ko kati ba a bayar ba. Ranar 30 ga Satumba 2023, ƙafar Curtis Jones na Liverpool ta zame a kan ƙwallo ta sauka a ƙwaurin Yves Bissouma na Tottenham. Simon Hooper ya ba da katin gargaɗi. Da ya isa allo, abin da ya fara tararwa shi ne tsayayyen hoton takalmi a kan ƙafa, ya dawo da ja. A wasan ne kuma aka soke halastacciyar ƙwallon Luis Díaz saboda alƙalin bidiyo, Darren England, ya ɗauka an riga an amince da ita a fili, ya ce ya gama dubawa. A Janairu 2025 Michael Oliver ya kori Myles Lewis-Skelly na Arsenal kan taɗiye ɗan Wolves, VAR bai sa baki ba, bayan kwanaki kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke katin. Kafin nan an riga an yi wa Oliver da iyalinsa barazana har 'yan sanda sun shiga maganar.

Haushin magoya baya ya yi yawa a wasu wurare. Sweden ta ƙi karɓar VAR saboda ƙungiyoyinta, waɗanda magoya baya ke da rinjaye a cikinsu, ba sa so. A Norway an tashi wasan Rosenborg da Lillestrøm a 2024 saboda 'yan kallo sun yi ta jifa cikin fili don nuna adawa da na'urar. Amma da Wolves ta kawo ƙudurin soke VAR a Firimiya a Yuni 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ƙi.

Wannan ƙuri'a ta faɗi gaskiyar lamarin. Babu mai son komawa zamanin da za a fasa wa mutum hanci alƙali bai gani ba, ko a kori Gibbs a madadin wani. A nan VAR ya yi aikinsa, kuma ya cancanci yabo. Kuskuren da aka yi shi ne sa wa mutane rai cewa gardama za ta ƙare. Gani ya kori ji, amma bai kori saɓanin fahimta ba. Gyaran da ya rage na mutane ne: a nuna wa alƙali maimaici da saurinsa na gaske kafin tsayayyen hoto, a bar jama'a su ji abin da ake faɗa tsakanin fili da ɗakin bidiyo, a kuma daidaita ma'auni yadda laifin da ya jawo kora ranar Asabar zai jawo ta ranar Lahadi. Shi kuma mai kallo, idan jan kati ya faɗa wa ƙungiyarsa, ya tambayi kansa ko da zai ce zalunci ne da a ce rigar abokin hamayya ce a jikin wanda aka kora.